Gidan wanka a Japan: ku karanta kafin ku ɗaga labulen

Duk ɗan'uwan da ya sauka Japan, karatu ya kawo shi ko aiki, ba ya daɗewa sai maganar wanka ta tare shi. Ko dai abokan aiki su ce a je onsen ranar hutu, ko ya tarar gidan kwanan kamfani wurin wanka ɗaya gare shi, na kowa da kowa. Onsen ruwan zafi ne mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, sento kuma gidan wankan unguwa ne da ake dafa ruwansa. Dokarsu kusan ɗaya ce.

Shiga ba ta da wuya. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka kulle a akwati, ka biya. A Tokyo hukuma ce ke yanke kuɗin sento, kuma a 2024 ta mai da shi yen 550 ga babba. Labule shuɗi yawanci na maza ne, ja na mata, amma ka haddace alamar 男 ta maza da 女 ta mata, don wasu masaukai sukan sauya ɓangaren safe da yamma. Waya a bar ta cikin kaya.

Kwamin ruwan zafin nan ba don cuɗa aka yi shi ba, don jiƙa jiki ne bayan an riga an yi wanka. Za ka ga 'yan kujeru a jere gaban famfo. Ka zauna, ka cuɗa da sabulu, ka ɗauraye har kumfa ta ƙare, ka watsa wa kujerar ruwa, sannan ka shiga a hankali, don zafin kan kai digiri 42. Ƙaramin tawul ɗinka kada ya taɓa ruwan, ka naɗe shi ka ɗora a ka. Alhamdulillahi, a nan mutanenmu ba sa ba mu kunya. Wanda ya tashi da alwala sau biyar a rana ba sai an koya masa tsarki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne al'aura. A gidan wankanmu na Kano ko Maraɗi kowa da ɗakinsa da bokitinsa, ya ja ƙofa. A Japan kuwa kowa tsirara yake, dattijo da jikansa, shugaban ofis da yaronsa, ba mai kallon wani. Mu kuma mun san abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa ba na idon jama'a ba ne. Sai sabon zuwa ya ce bari ya raba gardama, ya faɗa ruwa da gajeren wando. Don Allah ku daina. A wurinsu tufa datti take kawowa cikin ruwan da kowa zai shiga. Wani ƙanenmu ɗalibi ya yi haka, wani tsoho ya tashi shiru ya kira mai kula da wurin, aka roƙe shi ya fito. Ya same ni rai a ɓace, wai don baƙin fata ne. Na ce masa a'a, ko ɗan garin ne ya shiga da wando fitar da shi za a yi. Ba wai babu wariya sam ba: a 2002 kotu a Sapporo ta sa wani gidan wanka na Otaru ya biya diyya saboda hana baƙi shiga. Amma kafin ka ɗora laifi kan launin fatarka, fara duba ko kai ka taka doka.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, akwai mafita, tambaya ce ba a yi. Garuruwan onsen da dama suna da ɗakin wanka na haya, ana ce masa kashikiri ko kazoku-buro. Ka biya na awa guda, ka kulle ƙofa, kai kaɗai ko da iyalinka. 'Yan'uwa da ke jami'ar Ritsumeikan ta Beppu, garinku cike yake da irinsu. A Yunessun, wani wurin shaƙatawa na ruwan zafi a garin Hakone, da kayan ninƙaya ake shiga, sai dai maza da mata a haɗe suke a wannan ɓangaren, ka yi la'akari. A garin Ibusuki cikin yashi mai ɗumi ake rufe mutum yana sanye da yukata, wato doguwar rigar Japanawa mara nauyi. Akwai kuma ashiyu, inda ƙafa kawai ake tsomawa. In abokan aiki sun gayyace ka, ka gaya musu tun da wuri cewa addininka bai ba ka damar tuɓewa a gaban mutane ba. Sukan karɓi wannan da mutunci, fiye da ka bi su har bakin ruwa sannan ka fara noƙewa.

Masu neman gidan haya, in kun ga ɗaki a Tokyo da arha mai ban mamaki, ku duba ko an rubuta furo nashi, wato babu wurin wanka, sento ake zuwa. Ku tambayi dillali kafin ku sa hannu. Mai zuwa gidan kwanan kamfani shi ma ya tambaya ko akwai shawa mai ƙofa.

'Yan'uwa mata, ku kula da lalle. Wurare da yawa ba sa barin mai zanen allura a jiki ya shiga, saboda an daɗe ana danganta shi da 'yan daban yakuza, kuma ƙunshi, musamman baƙi, yakan yi musu kama da shi. Ku nuna hannu tun a wurin biyan kuɗi, ku bayyana cewa yana gogewa. Ku kuma ɗaure gashi sama kada ya taɓa ruwa.

Wanda aka sauke a gidan Bajapane, in an ce ya fara shiga wanka, girmama shi aka yi a matsayin baƙo. Ya cuɗa tun kafin ya shiga kwami, kuma in ya fito kada ya zubar da ruwan, mutanen gidan na jiran su shiga bayansa.