Yadda ake kiyaye saitin bindigar farauta a kan tsauni da cikin sanyi

Maharbin da ya daidaita bindigarsa a gari mai zafi kusa da teku, sannan ya hau tsaunukan Kolorado a Amurka farautar barewar elk, ko na Kirgistan inda ake bin ragon dutse a tsayin mita 4,000, zai tarar harsashinsa ya sauya hali. Bindigar lafiyarta ƙalau, iska ce ta canza.

Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. A mita 3,000 kaurinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka harsashi ba ya gajiya da wuri, sai ya sauka sama da inda aka saba. Zafi ma haka yake yi: ƙarin digiri 30 na Salshiyas yana rage kaurin iska da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wahalar ita ce a kan tsauni abubuwan biyu suna jayayya, tsayi na sirantar da iska, sanyi na ƙara mata kauri.

Da farko, yi saitinka a mita 100. A wannan tazara iska ba ta samu lokacin taɓa harsashi sosai ba, saitin gida zai riƙe kusan ko'ina. Wanda ya yi a mita 300 ya ɗaure saitinsa da yanayin ranar. Rubuta zafi da matsin iska na wannan rana a ɗan littafi.

Daga nan ka koma kan albarushi, wanda a ganina shi aka fi mantawa. Albarushi mai sanyi ba ya ci da ƙarfi, gudun harsashi sai ya ragu. Auna gudun da na'ura sau biyu: da harsasan da suka kwana a firji, da kuma waɗanda suka ɗumama a aljihu. Wani albarushin da ƙyar za ka ga bambanci, wani kuwa zai ba ka mamaki. Kada ka bar akwatin harsashi a gaban mota rana na dukansa, domin matsin cikin bindiga yana hauhawa, kuma wannan maganar lafiyarka ce.

Da ka isa sansani, ɗauki awon wurin. Ƙaramar na'ura irin Kestrel tana ba da matsin iska na inda kake tsaye. Shi za ka saka a manhajar lissafin tafiyar harsashi, ba wanda ake faɗa a hasashen yanayi ba, don wancan an mayar da shi ma'aunin bakin teku. Danshi kuwa tasirinsa kaɗan ne.

Sai gwaji. Kafa allo a mita 100, harba ɗaya da sassafe, bututun bindiga na da sanyi, domin harbin farko shi ne na farauta. In da fili, ƙara ɗaya a mita 400 ko 500, inda bambancin ke iya kai taƙi guda. Taƙi guda ya isa ya mai da harbin ƙirji ya zama rauni a gadon baya, dabba ta tafi da ciwo ta mutu a inda ba za ka same ta ba.

Harbi a gangare, sama ko ƙasa, shi ma yana ɗaga harsashi. A karkatar digiri 30, lissafa mita 400 kamar mita 346. Tazarar da ba ka gwada a allo ba kuwa, kada ka harba: rarrafa ka matsa kusa.