Yadda nake canza ƙwan danjar motata a gida

Wani mai a-daidaita-sahu ne ya sanar da ni. Muna cikin gosulo bayan magariba, ya matso daidai tagata ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce: "Alhaji, danjarka ta dama ba ta kawowa. Saura kaɗan in shige maka." Na yi masa godiya, amma har na isa gida gabana bai daina faɗuwa ba, domin a makon nan na yi tafiyar dare daga Zariya zuwa Kano da iyali a mota, manyan motoci na bin mu a baya. Fitilar gaba in ta mutu kai ne farkon gani. Ta baya kuwa kowa a titi zai gani, ban da kai da ke riƙe da sitiyari.

Motata Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD. Abin da zan bayyana a kanta na koye shi, amma yawancin ƙananan motocin da ke hannun mutane haka aikinsu yake, sai ɗan bambanci a wajen buɗewa.

Kafin ka taɓa komai, gano wace fitilar ce ta mutu. A cikin gidan fitilar baya akwai aiki huɗu: ja mai laushi da ke kamawa idan ka kunna fitilar dare, ja mai ƙarfi na birki, sigina, da fari na ribas. Ka sa wani ya zauna a kujerar direba, kai ka tsaya a baya. Ni 'yata nake sawa. Takan leƙo ta ce, "Baba, in taka?" in ce, "Taka, ki riƙe, kar ki saki sai na ce." Daga nan fitilar dare, sai sigina hagu da dama. Na ribas ni nake gwadawa da kaina, in ja birkin hannu, in murɗa makulli ba tare da na tayar da inji ba, ita kuma ta duba daga gefe. Kada ka taɓa bari yaro ya sa giya kana tsaye a bayan mota. Idan babu kowa a gida, ka ja motar da baya kusa da bango da daddare, ka taka birki kana kallon madubi. Gefen da bai yi ja a jikin bango ba shi ne mai matsala. Ita sigina da kanta take kai ƙara: in ƙwai ɗaya ya ƙone, sai ka ji ƙyaf-ƙyaf ɗinta ya ƙara sauri a wannan gefen.

Ranar da na duba tawa, fitilar dare tana kamawa a gefen dama, birki ne babu. Wannan yana ruɗa mutane, su ce ai ƙwan yana da rai tunda ga shi yana haske. Ƙwai ɗaya ne, amma siririyar waya biyu ce a cikinsa. Ɗaya mai wat 5 ce, ta fitilar dare, ɗayar mai wat 21, ta birki. Ta birkin tana iya tsinkewa ta bar 'yar'uwarta. Masu sayar da kayan mota suna ce masa dabul, mai waya ɗaya kuma singul.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba, tsumma mai tsabta, tocila, sai sifana mai lamba 10 ko 8 saboda motocin da dole a kwance gidan fitilar. Ka kashe mota, ka kashe fitilu, ka zare makulli. In fitilar ta jima a kunne, ba ta 'yan mintuna ta huce, ƙwan birki yana zafi ƙwarai.

A EOD ta cikin but ake shiga. Akwai shimfiɗa mai kama da darduma da ta rufe bayan fitilar, an maƙale ta da maɓallan roba. Ka cire su a hankali, domin zafin ranar garinmu yana busar da roba, da ka fizga sai ta karye. Kana ɗage shimfiɗar za ka ga soket-soket, kowanne da wayoyinsa. Ka lura da matsayin wanda kake nema daga waje, sannan ka kama jikin soket ɗin, ba wayar ba, ka murɗa shi hagu kaɗan, kamar rubu'in zagaye, zai fito da ƙwan a bakinsa. A wasu motocin, musamman masu ƙofar baya, babu hanya ta ciki. Sai ka kwance noti ko sukuru biyu zuwa uku, ka jawo gidan fitilar gaba ɗaya. Irin wannan ana jawo shi ne kai tsaye, ba a karkata shi, saboda akwai 'yan turakun roba da suka shige jikin mota, kuma in ɗaya ya karye fitilar ba za ta sake zama daram ba.

Ƙwan kansa iri biyu za ka fi tararwa. Akwai mai gindin gilashi, shafaffe kamar harshe, wanda ake zarewa kawai ba tare da murɗawa ba. Nawa irinsa ne, lambarsa 7443, singul ɗinsa kuma 7440. Akwai kuma mai gindin ƙarfe da 'yan kunnuwa biyu, irin ƙwan lantarkin gida mai fin: ka danna shi ciki, ka murɗa hagu, ya fito. Dabul ɗin wannan shi ne 1157, a motocin Turai ana rubuta P21/5W, singul kuma 1156 ko P21W. Motocin da suka shigo daga Amurka da yawa suna amfani da 3157 mai gindin roba. Kowanne ne, sa tsumma ka kama shi. Tsohon ƙwai da ya daɗe a wuri yakan fashe a hannu.

Da na zaro nawa na haska shi da tocila, sai ga gilashin ya yi baƙi daga ciki kamar an shafa masa hayaƙin fitilar a-ci-bal-bal, wayar birkin ta tsinke, guntunta yana lilo. Wani lokaci fari za ka gani kamar hazo, alamar iska ta shiga ke nan. Duka biyun an gama da su.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Ka ɗauki tsohon ƙwan ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa. Kada ka je kana kwatance da baki, kada kuma ka aiki yaro da sunan mota kawai, domin mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da ƙwai daban gwargwadon ƙasar da aka yi ta domin ta. A Ƙofar Ruwa nake saye. Nakan ajiye tsohon a kan teburin mai shago, in ɗora sabon kusa da shi, in duba gindi, in ƙirga waya, in karanta lamba. Shi mai gindin ƙarfe dabul, kunnuwansa ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya ya fi ɗaya sama, an yi haka ne don kada ya shiga a juye. Idan ya ƙi shiga, juya shi, kar ka tilasta. Na ga motar wani maƙwabcina da aka cusa wa singul a soket ɗin dabul: yana taka birki sai ƙananan fitilun gaba da hasken dashbod su kama. Ya ɗauka wayarin motar ne ya lalace gaba ɗaya, alhali ƙwai ɗaya ne ya haɗe layi biyu.

Ni biyu nake saye, in canza hagu da dama tare. Lokaci ɗaya suka fara aiki, in ɗaya ya tafi ɗayan ma yana hanya, kuma sabo da tsoho haskensu ba ya zuwa daidai. Idan murfin siginarka fari ne, ƙwanta dole ya zama mai ruwan lemo.

Kafin ka sa sabo, leƙa cikin soket. Damina tana barin tsatsa kore-kore a kan ƙarafunan, hunturu kuma ya cika shi da ƙura. Ka goge da tsumma, ka kankare tsatsar da ɗan sanfefa ko bakin ƙaramin sukundireba, makulli yana aljihunka. Idan robar soket ɗin ta narke ko ta yi baƙi, sabon ƙwai ba zai daɗe ba, soket za a canza. Duba kuma zoben robar da ke bakinsa. In ka taɓa ganin ruwa ya kwanta a cikin fitilarka bayan an yi ruwan sama ko an wanke mota, sau da yawa ta nan yake shiga.

Ka tura sabon ƙwan har ya zauna, sannan ka gwada tun soket ɗin yana waje, kafin ka mayar da komai. A taka birki, a kunna fitilar dare, a yi duka biyun tare. Hasken birki dole ya fi na dare ƙarfi a fili. In ya yi daidai, mayar da soket, murɗa dama har ka ji ya tsaya, rufe shimfiɗa. Wanda ya kwance noti ya ɗaure su daidai ƙarfin hannu, roba suke riƙewa, matsewa da yawa tana tsaga ta.

To in an sa sabo bai kama ba fa? Idan fitilun birki duka sun ɗauke, har da ta ukun da ke sama a tsakiya, da wuya ya zama ƙwai. Duba fiyus. Murfin akwatinsa yana da zanen wurin kowanne, kuma a Honda irin tawa fiyus ɗin birki da na hon ɗaya ne, don haka in hon ma ya yi shiru ka san inda za ka nufa. Ka mayar da mai lamba irin ta wanda ka cire: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ya naɗa waya ko takardar sigari a madadin fiyus. Haka motoci ke kamawa da wuta. In fiyus lafiya yake, saura ɗan makunnin da ke saman fedar birki; a mota mai otomatik in ya mutu, giya ma takan ƙi fita daga P. Idan kuwa kana taka birki sigina tana dusashewa, ko fitilu suna kamawa a hargitse, wayar da ke kai wuta jikin ƙarfen mota ce ta saki ko ta yi tsatsa. Wannan matsalar, da ta fiyus mai yawan ƙonewa, ni nakan kai wa mai wayarin.

Masu Accord ta 2006 da 2007, wadda ake ce wa DC, su sani fitilar birkinsu LED ce da aka gina a jikin gidan fitilar, babu ƙwan da za a zare. Haka sababbin motoci da yawa suke. Su kuma ƙwayayen LED da ake sayarwa don a sa a gurbin na gilashi, wasu sai an juya su suke kamawa, a sigina kuma suna jawo saurin ƙyaftawa domin ba sa jan wuta kamar na asali. Na bar tawa a kan irin ƙwan da ta zo da shi.

Aikin farko ya ɗauke ni kusan rabin awa, yawancinsa a wajen lallaɓa maɓallan roba. Yanzu minti goma ya ishe ni. Akwai 7443 guda biyu naɗe a tsumma a aljihun gaban motar tare da fiyus uku, kuma duk ranar Juma'a da safe, bayan an wanke mota, 'yata tana shiga ta taka birki ni kuma in zagaya baya in duba.