Yadda Za Ka Shirya Tafiyar Kilomita 100 A Kan Keken Tsere

Duk wanda yake iya taka kilomita 30 bai galabaita ba, mako takwas zuwa goma sun ishe shi ya kai 100. Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne gaggawa: su fita da zafinsu a awa ta farko, a ta uku ƙafa ta ce ba ta san zance ba.

Fara da sirdi tun kafin maganar atisaye. Hau ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa, ka ɗaga ko ka sauke sirdin har ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da tafin ƙafa mazauninsa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gaban gwiwa, kuma yana ba ni takaici in ga matashi ya jingine keke saboda abin da mai gyara zai daidaita cikin minti biyu.

Sai tsarin mako. Fita sau uku: biyu gajeru na awa guda, ɗaya doguwa ranar da ba ka aiki. Doguwar ka riƙa ƙara mata kamar kilomita 10 duk mako, a mako na huɗu ka rage ta jiki ya murmure. Ka yi ta da saurin da za ka iya hira da abokin tafiya ba ka haki. A ɗaya daga cikin gajerun kuwa, bayan ɗumama jiki na minti 15, taka da ƙarfi minti biyar, ka sassauta minti uku, har sau huɗu. In ka kai kilomita 80 a atisaye, ka shirya.

Mu da muka tashi da keke mai giya ɗaya mun saba danna feda da nauyi, muna ganin shi ne jarumta. A doguwar tafiya wannan ɗabi'a cinye cinya take yi. Sa giya mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Ƙirga tasowar gwiwar dama cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Kuma ka sauya giya kafin ka shiga hawa, kada ka bari sai sarƙa ta ɗau nauyi.

Ci da sha su ne inda aka fi yin sakaci. Sukarin da jiki ya tara a tsoka bai cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba in ana aiki sosai, kuma idan ya ƙare jiri ne da rawar jiki. Don haka kada ka jira yunwa. Duk bayan minti 40 ka jefa dabino uku ko ayaba ɗaya. Ruwa kuma aƙalla rabin lita a awa, fiye da haka in rana ta buɗe, a gora ɗaya ka zuba ɗan gishiri da sukari saboda abin da gumi ke fitarwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, saboda haka ka fita da an sallame asuba, ka dawo kafin sha ɗaya. Lokacin hunturu hazo ne matsalar: sa riga mai haske da jar fitila a baya, direba ya hango ka.

In kuna tafiya rukuni, bin bayan wani yana rage wahalar iska da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tasa ta baya, kuma wanda ke gaba ya riƙa nuna ramuka da hannu. Tirela in ta zo wucewa, riƙe kan keke da hannu biyu, iskarta tana fizga.

Makon ƙarshe ka huta, fita biyu marasa nauyi sun isa. Daren ranar ka duba birki da iskar taya, ka tanadi famfo, kayan faci, waya da 'yan kuɗi, hular kwano kuma ba a barin ta. Kilomita 30 na farko ka yi su a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, ko da abokai sun wuce ka.