Yadda Marubuci Zai Kwashe Rubuce-rubucensa Zuwa Sabon Dandali

Kafin marubucin da ke Gusau ko Birnin Kebbi ya bar dandalin da ya saba wallafa rubutunsa a kai, ya kamata ya fara gwada sabon a wayar hannu, domin da ita yawancin masu karatu suke shiga intanet, kuma shafi mai nauyi yakan cinye data tun ba a ga layin farko ba. Ya rubuta kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ ya duba, saboda wasu tsare-tsaren haruffa sukan ɓata su.

Daga cikin dandalin wallafa rubutu a intanet da zai iya komawa akwai Blogger da WordPress. Blogger kyauta ne, yana hannun Google tun 2003. WordPress ya fi ba mutum iko, amma wanda zai kafa nasa sai ya riƙa biyan kuɗin masauki ga kamfanin da zai ajiye masa shafin a intanet, kuma a ganina gara ya nemi kamfanin da ke karɓar naira.

Idan ya yanke shawara, sai ya sauke kwafin dukkan rubutunsa ya adana a wuri biyu, sannan ya loda shi a sabon dandalin. Hotuna ne suka fi ba da wahala, domin sau da yawa sukan tsaya a tsohon wurin, don haka sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ya yi gaggawar goge tsohon shafin. Ya bar sanarwa a kansa da sabon adireshin na wasu watanni, har masu karatu su saba.