Yadda ake ɗaukar hoton launukan mai a kan ruwa da wayar hannu

Duk damina, da ruwan Agusta ya sauka a Damagaram, in ka bi ta wurin masu gyaran babur za ka tarar da kududdufi da launuka kwance a kansa, ja da kore da shuɗi suna murɗawa. Yaran da nake koya wa ɗaukar hoto sukan ruga su ɗauka, su dawo mini da hoton laka, launi ko ɗaya babu. Sai su ɗora laifin a kan waya. Wallahi ba wayar ba ce.

Fara sanin abin da kake farauta. Launin ba na man ba ne. Man inji ya bazu ya yi fale-fale, kaurinsa ya kusanci tsawon zangon hasken da ido ke gani, wato nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Wani haske ya dawo daga saman man, wani ya ratsa ya dawo daga inda mai ya haɗu da ruwa. Da suka gamu, wani launi ya ƙara ƙarfi, wani ya mutu, gwargwadon kaurin man da inda kake tsaye. Thomas Young, masanin Ingila, shi ya bayyana wannan haɗuwar a 1801. Ke nan hasken da ya dawo kake ɗauka, kamar a madubi.

Mataki na farko, lokaci. Ka fita da ruwa ya ɗauke, tun gajimare bai watse ba. Farin sama mai lulluɓe ya fi rana tsaka nesa ba kusa ba. Ni bayan ƙarfe goma, in rana ta buɗe, ba na ma fiddo waya. Ka nemi ruwan da ke kan kwalta ko baƙar ƙasar gareji. Kan farin yashi launin dushewa yake yi.

Na biyu, kuma nan ne kowa ke faɗuwa: inda za ka tsaya. Na yi damina guda ina tsayawa a kan ruwan ina leƙawa ƙasa, abin da nake samu inuwar kaina da ta wayata. Ka ja baya taku biyu, ka durƙusa, ka sa ruwan tsakaninka da wajen da sama ta fi haske. Ka duba fuskar wayar: sai ka ga sama a cikin ruwan sannan launi zai fito. In bango ko bishiyar dogon yaro kake gani a ciki, ka zagaya. Daga nan ka riƙa sauke wayar a hankali, ɗan yatsa ɗan yatsa. Za ka ga wurin da yake kore ya koma shuɗi, don karkatar ta sauya. Kada ka kwantar da wayar dab da ruwa, fari ne zai cinye komai. Tsakanin gwiwa da ƙugu na fi samun sa. Haƙuri kawai, ko da 'yan kabu-kabu na kallonka. In kana sanye da tabarau mai kashe ƙyalli, cire shi, don ƙyallin muke nema. Fitilar waya kuwa a kashe take, babu gardama.

Na uku, saiti. Waya kan ruɗe ta kama gajimaren da ke cikin ruwa ta bar man. Jefa ɗan tsinke a ruwan, ka danna kansa a fuskar wayar ka riƙe har ta kulle a kansa, sannan ka ja alamar rana, wato ta rage haske, ƙasa kaɗan. Duhu-duhu launin ya fi cika. Wannan gilashin kusantarwa da ake maƙalawa a waya, kada ka ɓata kuɗinka tukuna.

Don Allah kada ka zuba mai a tabki don hoto, dabbobi na sha. Da rani ga ta gida: ruwan sabulun wanke kwanuka, ka sa sukari kaɗan, don iskar hunturu na fasa kumfa nan take. Tsoma bakin baƙin kofi a ciki, ka jingina shi a karkace yana kallon ƙofa da aka rataya wa farin zane. Launuka za su jeru layi-layi suna gangarowa a siririn mayafin sabulun da ya rufe bakin kofin. Da ka ga saman ya yi baƙi, ya gama sirancewa, yanzu zai fashe, ka danna da sauri.

Salansar babur da zafi ya mayar shuɗiya, da wuyan tattabara, duk dokarsu ɗaya: bi da karkata har launi ya fito. Wajen gyara hoto ka yanke gefe, ka ƙara duhu kaɗan, launin kuma ka bar shi yadda ya zo.