Yadda ake haɗa yawon kwana biyu a kosta daga Garwa zuwa duwatsu da tsoffin fadoji

Jama'a salamu alaikum. Tun da 'yan tontin ɗinmu, wato adashi, suka fara fita yawon buɗe ido sau ɗaya a shekara ni ake jibga wa wahalar shiryawa, to yanzu duk wanda ya gan ni a kasuwa sai ya tsare ni, wai Malam yaya kuke yi ne, mu ma muna so mu kai iyali su ga duwatsun Rumsiki a nan arewacin Kamaru. Shi ne na ce bari in zauna in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Kan maganar dai shi ne tafiyar kwana daban, tafiyar dare daban. Mutanenmu sun saba da shiga motar ajans, wato kamfanin bas, bayan isha'i, a kwana ana gudu a wayi gari a wani gari, to wannan na ɗan kasuwa ne mai sauri. Kai da ka biya kuɗi don ka ga dutse, in ka wuce shi cikin duhu me ka gani? A irin wannan tafiya mota tana tafiya da rana, kafin magariba an sauka, kowa ya samu katifa, direba ma ya yi barci kamar ɗan adam. Duk lissafin da za ka yi a kan wannan za ka ɗora shi.

Saboda haka ka zaɓi gefe ɗaya. Daga Garwa ko dai ka yi arewa, Gidar, Marwa, Mokolo har Rumsiki, ko ka yi kudu zuwa Ngaundare, ko kuma ka ware Rai Buba ita kaɗai. Kullum sai an samu wani Alhaji a cikin tafiyar da zai ce ai tunda an fito a haɗa duka, ka ba shi haƙuri kawai. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 da ɗoriya ne, Garwa zuwa Ngaundare ya kusa 300, kuma duk wanda ya san kwaltarmu ya san kilomita a takarda ba ita ce kilomita a ƙarƙashin taya ba.

Lokaci kuwa ni a wurina babu kamar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, mayo-mayo, wato koguna, sun ja baya, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama fes. In ka bari sai Janairu ko Fabrairu akwai ranar da hazo zai rufe duwatsun Kapsiki, wato na Rumsiki, ka tsaya a gabansu kana tambaya ina suke. Maris da Afirilu kuma kar ma ka fara da tsofaffi da yara, zafin Garwa yana wuce digiri 40. Damina ba a zancenta in hanyar ƙasa ce.

Sai mota. Kosta ita ce daidai, babbar bas ba ta jin daɗin hanyar dutse. Ana cewa tana ɗaukar mutum 30 amma kar ka cika ta, waɗannan kujerun tsakiya da ake naɗewa ka bar su a naɗe, mutum 22 zuwa 24 ya isa, in ba haka ba kafin a kai Figil an fara faɗa a kan gwiwa. Ka je da kanka ka ga motar kwana biyu kafin tafiya, ka duba tayoyi har da safaya, jak, birki, takardar asirans wato inshora, da ta bizit wato gwajin lafiyar mota, ka rubuta lambar motar a cikin yarjejeniya. Dalilin da ya sa na ce a rubuta lamba, wata shekara wani mai ajans ya nuna mana mota sabuwa dal, ranar tafiya da asuba sai ga wata tsohuwa tana hayaƙi, wai waccan ta tafi biki, muka yi awa uku a bakin hanya ana ɗaure radiyeta da roba. A takardar a fayyace wa zai sayi gazwal wato man dizal, wa zai biya peyaji wato kuɗin hanya, kowace tasha sefa 500 ce, wa zai ciyar da direba da motoboy, kuma ina za su kwana. Kar ka biya duka a gaba, rabi a tashi rabi a dawo.

Ka tambayi direban kai tsaye, Yaya, ka taɓa hawa falez, wato hawan Ngaundare, da kaya? In ya fara kame-kame nemi wani. Wannan hawan da ke bayan Mbe kafin a shiga Ngaundare ba wurin koyon tuƙi ba ne, kwana-kwana ne a gefen rami ga manyan tireloli suna saukowa, kuma saukowar ta fi hawan haɗari don nan birki yake zafi.

Takardu, kowa da katin ɗan ƙasa na asali ba fotokopi ba, yara da takardar haihuwa, baƙi 'yan Chadi ko Najeriya da nasu cikakku. Ka buga sunayen matafiya duka da lambar katin kowa a takarda guda, ka yi kwafi kamar biyar, in an zo kontrol na jandarma ko 'yan sanda kai kaɗai ka sauka da ita ka gaisa da ladabi, yana rage tsayuwa sosai. Mutum ɗaya mara kati sai ya zaunar da mota guda a rana.

To bari in ɗan daɗe a kan hanyar arewa don ita aka fi tambayata. A tashi Garwa bayan sallar asuba, a tsaya Gidar a shiga kwazazzabon Kola, inda ruwan Mayo Luti ya sassaƙe baƙin dutse ya yi lungu-lungu, da rani ana sauka ciki a taka da ƙafa, awa ɗaya ta isa. A ci abincin rana a Marwa, masu son fata da takalma su leƙa kasuwar masu sana'ar hannu amma ka ba su minti ƙidayayye, mata in suka shiga nan sai Allah. Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80, Mokolo zuwa Rumsiki wajen 55, kuma wannan guntun na ƙarshe shi ne mai cin lokaci. In la'asar ta same ku ba ku bar Mokolo ba ku kwana a nan, da sassafe ku ƙarasa. Abin da ake zuwa gani a Rumsiki shi ne waɗannan duwatsu da suka miƙe tsaye kamar an kafa turame, asalinsu toshiyar bakin dutse mai aman wuta ne da ta daskare, ƙasar gefe ta zaizaye ta bar su, mafi shahara tsayinsa mita 1,224 daga teku. Kyansu yana fitowa ne da hantsi da kuma dab da faɗuwar rana, shi ya sa kwanan yake da amfani, wanda ya zo da azahar ya juya hoto kawai ya ɗauka.

Jagora kuma ka ɗauki ɗan garin, Bakapsiki, ba wanda ka taho da shi daga birni ba. Ku yi ciniki kafin a fara takawa, a san kuɗin na duka ƙungiya ne, a san inda za a je. Zai kai ku wurin masaƙa da maƙera da masu tukwane, zai kuma ce a je wurin bokan nan mai duba da ƙaguwa da Turawa suke rububi, mu dai namu mutanen mun ce a wuce, kowa da aƙidarsa, amma ka faɗa masa tun farko cikin mutunci ba sai an je ƙofar mutum a tsaya ana musu ba. Kar a ɗauki hoton kowa sai an tambaya. Kuma a cikin duwatsun Mandara da Rumsiki take cikinsu ne akwai kufan Diy-Gid-Biy, gine-ginen dutse da aka jera ba laka ba siminti shekaru ɗaruruwa da suka wuce, sunan da yaren Mafa yana nufin kufan gidan sarki, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2025. Sai dai wurin yana wajen Koza ne, ba a kai kosta cike da iyali can don ganin dama.

Wannan ya kawo mu maganar tsaro, ba na wasa da ita. Rumsiki tana dab da iyakar Najeriya, kuma kowa ya san abin da yankin Mayo Tsanaga da Mayo Sava suka gani a hannun Boko Haram. Sati guda kafin tafiya ka kira mai masaukin da za ku sauka, ka je ofishin yawon buɗe ido na jiha a Marwa, in kun isa Mokolo a sanar da jandarmomi. In hukuma ta ce sai da rakiya to sai da rakiya, in ta ce a dakata ka juya akalar tafiyar zuwa kudu, kuɗin da aka tara ba zai ruɓe ba. Kar kuma a yi ta shelar ranar tashi da hanyar da za a bi a Facebook, hotuna sa jira a dawo.

Hanyar kudu ta fi kwanciyar hankali ga masu tsofaffi. Za ku bi gefen gandun dajin Benuwe, sau da yawa gwaggon biri na zaune a bakin kwalta, a hana yara jefa musu abinci. Ngaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, da dare akwai sanyi na gaske, wanda ya fito daga Garwa da 'yar shara zai yi bayani, kowa ya sa rigar sanyi da bargo a jaka. Ka daidaita tafiyar ta faɗa ranar Juma'a, don fadar Lamido, sarkin garin, tana kusa da babban masallaci, fitowarsa da dogarai da masu algaita da kakaki ita ce abin kallon. Ka duba zaurukan da kyau, jinka mai tsayi da ginshiƙan ƙasa masu zane, hannun Mbum ne a ciki, su ne mutanen wurin tun kafin zuwan Fulani, sunan garin ma da yarensu yake, dutsen cibiya. Washegari a je tafkin Tizon ko gangaren ruwan Tello a juyo.

Rai Buba kuwa ba a haɗa ta da komai. Buba Njidda ne ya kafa ta a 1804, katangar fadar ta ƙasa ce tsayinta ya kai mita 7, in ka tsaya a gindinta za ka gane me ake nufi da sarauta. Ana ratsewa daga babbar hanya a Gijiba a bi ta Cholire, da rani kawai, kuma ba a zuwa sai an aika tukuna an samu amsa.

Wannan aikawar ta shafi kowace fada. Fada ba gidan kallo ba ce, gidan mutum ne mai mulki yana ciki da iyalinsa. Ka nemi wani na kusa, ko Sarkin Hausawan garin ko wani bafade, ya kai maganarku kwanaki kafin ku zo. Ku tanadi gaisuwa, goro ko turare da ɗan abin da aka sa a ambulan, da na dogaran ƙofa daban. A cire takalmi inda aka ce a cire, maza da hula da riga ta mutunci, mata da mayafi, ba a miƙa wa Lamido hannu, a durƙusa a ce Allah ya ja zamanin sarki, ko da Fulatanci Alla sabbinane, dattijo ɗaya ya yi magana a madadin kowa sauran su yi shiru. Waya a aljihu sai an ce a ɗauka. Akwai ƙofar da za a ce nan ne iyaka, to nan ne iyaka, ka ja kunnen samarinku tun a mota.

Masauki ka kama shi tun da wuri ka tura kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, ka tambaya akwai ruwa, akwai janareta, akwai gidan sauro, ɗakunan mata a gefe guda. Amma ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana a hannu don a kan dutse rezo, wato sabis na waya, yana zuwa yana tafiya. Ma'aji daban shugaban tafiya daban, kuma a kan abin da kuka lissafa ku ƙara kashi goma na ko-ta-kwana. Ruwan sha katan-katan, buta da tabarma, leda da lemun tsami saboda masu amai a kwana-kwana, mai hawan jini ko suga ya sa maganinsa a aljihu ba a jakar da aka ɗaure a saman mota ba. Sallah kuwa tafiyar ta wuce kilomita 80 ɗin da malamanmu suke faɗa, ana ƙasaru, ku tambayi limaminku batun haɗawa kafin ku tashi don kar a tsaya gardama a bakin hanya rana tana tafiya.

Ranar dawowa ka faɗi lokacin tashi ka rage rabin awa a kan na gaskiya, ka ƙirga kawuna da takardar nan duk inda aka tsaya, ko fitsari aka sauka yi. In ta Ngaundare kuka bi ka ware minti 30 na kilishi da zuma tun a cikin tsari, don ko ka hana sai sun saya, gara a yi shi da safe a sauko falez ido na ganin ido.