In sammacin kotun iyali ya same ka a Amurka kuma ba ka da lauya

Wani ɗan'uwa mai aikin gadi a wani kamfani ya kira ni wata Asabar da daddare, muryarsa duk a sanyaye. Ya duba takardar albashinsa ya ga an zaftare kaso mai kauri, wai kuɗin ciyar da yara, da umarnin kotu. Na ce masa, "Malam, ba a taɓa kawo maka wata takarda ba?" Ya yi jim, can ya ce, "Yaya, akwai wani ambulan da wani Bature ya miƙa mini a bakin ƙofa tun kafin azumi. Yana cikin mota." Washegari muka buɗe ɗan akwatin gaban motar, ga ambulan nan a ƙarƙashin rasitan mai, ko ɓare shi bai yi ba. A zatonsa tunda manya sun shiga tsakaninsa da maiɗakinsa, maganar takarda ta mutu.

Kotu kuwa ba ta san da zaman manya ba. Abin da ta sani shi ne an miƙa masa sammaci ranar kaza, kwana 30 sun cika bai amsa ba, sai aka yanke hukunci a bayan idonsa bisa abin da ɓangare ɗaya ya rubuta. Yawancin 'yan'uwan da na ga sun sha ƙasa a kotun iyali ba gaskiya suka rasa ba. Wa'adi ne ya wuce su, ko fom suka cika ba daidai ba, alhali a cikin ginin kotun akwai ofishin da aka buɗe takanas don irinsu, kuma kyauta ne.

Sabon zuwa yakan ɗauka duk wanda aka kai kotu a Amurka gwamnati za ta ba shi lauya. Wannan a shari'ar laifi ne, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1963. Rabuwar aure, riƙon yara da ciyarwa ba sa cikin wannan alkawari, sai in wata jiha ta ga dama ta ƙara da kanta. Lauya mai zaman kansa kuma da awa yake lissafi, ga kafin alƙalami na dubban daloli tun bai buɗe fayil ba. Shi ya sa kotunan suka cika da masu tsaya wa kansu, alƙalai suna ta ɗage zama saboda takardu ba su cika ba. Gundumar Marikofa ta jihar Arizona ta buɗe cibiyar taimakon irin waɗannan mutane a 1995. Kalifoniya ta yi doka a 1996 wadda ta wajabta wa babbar kotun kowace gunduma, duka 58 ɗin, ta ajiye lauya mai taimaka wa marasa lauya a sha'anin ciyarwa. Da Kalifoniya zan yi misali don tsarinta na fi sani, amma ka riƙe cewa dokar iyali ta jiha ce, kuma jihohi 50 ne, kowace da nata fom da nata wa'adi.

A jikin ƙofar za ka ga an rubuta Self-Help Center ko Family Law Facilitator. Ka je da sassafe, don a wasu kotunan layi kan cika kafin a buɗe, wasu kuma sai ka nemi lokaci ta waya ko ta intanet. Za a caje ka a ƙofar shiga kamar a filin jirgi, saboda haka ko ɗan yankan farce mai wuƙa ka bar shi a gida. Ka tafi da duk takardar da aka ba ka, da lambar shari'arka in an riga an buɗe, da takardun albashi na wata biyu na ƙarshe, da ta harajin bara. Za su nuna maka fom ɗin da ya dace da kai, su duba abin da ka cika su nuna maka gurbin da ka tsallake, su lissafa maka a kwamfuta kuɗin ciyarwa yadda ƙa'idar jiha ta tsara, su faɗa maka tagar da za ka kai da kwafi nawa. Ba sa tambayar ko kana da hali kafin su saurare ka.

Sai dai kafin a fara za a sanar da kai, sau da yawa har ka sa hannu, cewa wannan lauyan ba naka ba ne. A nan mutanenmu ke yin tuntuɓe. Sun ga mutum mai fara'a ya zaunar da su, sai su kwance masa bakin jaka tun daga ranar ɗaurin aure. To abin da ka faɗa a ofishin ba shi da kariyar sirri irin wadda ke tsakanin lauya da wanda yake karewa, kuma kujerar da ka zauna yau, gobe matarka ko mijinki na iya zama a kanta a taimaka musu daidai yadda aka taimaka maka. Ba za su bi ka gaban alƙali ba, ba kuma za su ce maka ka yarda da tayin da aka yi maka ko kada ka yarda ba. Don haka yadda ka yi tambaya shi ne yadda za ka samu amsa. In ka ce "Yaya zan yi da matar nan?" za a ba ka haƙuri. In ka ce "An ba ni wannan ranar 3 ga wata, yaushe wa'adina zai ƙare, kuma wane fom ne amsarsa?" za ka fito da abin yi a hannu.

Fom ɗin lamba gare su, kuma da lambar ake kiransu, gara ka saba. Mai neman rabuwa yana shigar da FL-100, sammacin shi ne FL-110, amsa kuma FL-120. Kuɗin shigarwa dala 435 ne a yawancin gundumomi, mai amsawa ma haka zai biya. Wanda ba shi da shi sai ya cika FW-001 a yafe masa, musamman in yana karɓar tallafin gwamnati irin Medi-Cal na lafiya ko CalFresh na abinci. Rashin kuɗi dai ba uzuri ba ne na barin kwana 30 su wuce.

Shafi na biyu na sammacin nan nake roƙon kowa ya karanta da kyau, ko ya sa a karanta masa. Akwai umarnin kotu a ciki da ke hawa kan mai ƙara tun ranar da ya shigar, ya hau kan wanda ake ƙara tun ranar da aka miƙa masa. Babu mai fitar da yaran daga jihar, babu mai nema musu sabon fasfo, sai da rubutaccen izinin ɗayan ko umarnin alƙali. Babu mai soke inshorar lafiya ko ta mota da ta shafi iyalin, babu mai sayarwa ko ɓoye dukiya. Uban da ya ce bari ya kai yara gida wajen kakanni kafin ƙura ta lafa, a ganinsa tarbiyya yake nema musu, amma a idon kotu ya karya umarni. In ya fita da su daga ƙasar don ya hana ɗayan haƙƙinsa, maganar ta tashi daga kotun iyali ta koma laifin tarayya a ƙarƙashin dokar 1993, mai ɗaurin da ya kai shekara 3. Uwa ma in ta yi, hukuncin ɗaya ne.

Miƙa sammaci ma da ƙa'idarsa. Ba kai za ka miƙa da hannunka ba, ko da gida ɗaya kuke kwana. Sai wani wanda ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar, sannan ya cika FL-115 a kai kotu. Daga ranar miƙawar ake fara ƙirga wata 6, wanda shi ne mafi ƙarancin lokacin da aure zai iya ƙarewa a Kalifoniya. Na ce mafi ƙaranci, domin cikar wata 6 ba ta kashe aure da kanta. Sai alƙali ya sa hannu a takardar hukunci, FL-180. Sakin da aka furta da baki a nan, ko aka rubuta a gaban shaidu, magana ce tsakanin mutum da addininsa. A rajistar jiha auren na nan, kuma wanda ya je ya yi rajistar wani auren a kansa ya jawo wa kansa sabuwar shari'a.

Sannan akwai bayyana dukiya, inda ake son kowa ya zazzage aljihunsa bisa rantsuwa: albashi, asusun banki, mota, bashi. A Kalifoniya abin da aka samu a cikin zaman aure, in ban da gado da kyauta, na mutum biyu ne, ko da sunan ɗaya ne a kai, kuma ko a wace ƙasa yake. Filin da ka saya a ƙasarku da kuɗin aikin nan yana ciki. Masu cewa wa zai sani, su tuna da matar nan da ta ci kimanin dala miliyan 1.3 a cacar jiha ta ɓoye wa mijinta, ta nemi rabuwa. Da asiri ya tonu alƙali ya ba mijin kuɗin gaba ɗaya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2001.

Inda ofishin ya fi amfani, a ganina, shi ne maganar ciyarwa bayan an yanke ta. Aiki ya tsaya, ko an rage maka awa, sai ka kira uwar yara ku fahimci juna da baki cewa za ka riƙa ba da rabi. Kotu ba ta ji wannan ba. Adadin da alƙali ya yanke yana ci gaba da hawa kanka duk wata, da ruwan kashi 10 cikin 100 a shekara, kuma tun 1986 dokar tarayya ta hana alƙali ya koma baya ya yafe abin da ya riga ya taru. Iyakarsa ya rage daga ranar da ka shigar da buƙatar sauyi. Bashin in ya yi yawa ana iya dakatar da lasisin tuƙi, in ya haura dala 2,500 a hana ka fasfon Amurka. Makon da aiki ya tsaya, makon za ka je ka cika FL-300 na neman sauyi da FL-150 na bayyana kuɗin shiga, ba sai ka samu wani aikin ba.

Game da harshe, kada kunya ta sa ka ce kana jin Turanci alhali na wurin aiki kawai ka iya. Turancin kotu daban ne. Tafinta kyauta ne, ana nemansa da INT-300, kuma ka nema da wuri don masu Hausa ba su da yawa, wani lokaci ta waya ko ta bidiyo za a haɗa ku. Kada ka ɗauko ɗanka ya yi maka tafinta a rigimar iyayensa. Saƙonnin WhatsApp da kake son nunawa kuma ka buga su a takarda tare da fassararsu, alƙali ba zai karɓi wayarka yana lalube ba.

In kun saɓa a kan riƙon yara, dole sai kun zauna da mai shiga tsakani na kotu kafin alƙali ya saurare ku. Ka tambayi ofishin ko a gundumarku mai shiga tsakanin yana rubuta wa alƙali shawara, don a wasu yana yi, a wasu ba ya yi. Wadda ake duka ko ake yi wa barazana, ko wanda ake yi wa, DV-100 ne fom ɗin neman kariya. Ba a biyan ko sisi, alƙali kan duba buƙatar wucin gadi a ranar ko ranar aiki ta gaba, kuma tana da damar neman a zauna da ita daban wajen sulhun.

'Yan'uwanmu na Niyok su lura, nasu tsarin ya sha bamban. Kotun iyali a can ba ta raba aure, sai kotun da suke kira Supreme Court, wadda duk da sunanta ba ita ce ta ƙoli ba. Riƙo, ziyara, ciyarwa da kariya su ne na kotun iyali, kuma ba a biyan kuɗin shigarwa. Ciyarwa kashi 17 ne na kuɗin shiga ga yaro ɗaya, 25 ga biyu, 29 ga uku, har yaro ya kai shekara 21. Kuma a shari'ar riƙon yara, iyayen da ba su da hali suna da haƙƙin a naɗa musu lauya, saboda haka ka buɗe baki ka roƙa tun zaman farko.

Akwai inda ba zan bar kowa ya tsaya da ofishin kaɗai ba. In akwai gida ko kasuwanci ko kuɗin fansho a tsakani, ko ɗayan ya ɗauki lauya, ka nemi naka ko da na ɓangare ɗaya ne na shari'ar, dokar Kalifoniya ta yarda da haka. In takardar zamanka ta rataya a kan auren, musamman katin zama mai sharaɗin shekara 2, wannan aikin lauyan shige da fice ne, kuma ka gan shi kafin ka sa hannu a komai. Ka guji masu shago da ke cika wa mutane fom suna ba da shawarar shari'a ba su da lasisi.

Shi ɗan'uwan nan mai gadi, ranar Litinin muka yi sammako. Ma'aikaciyar ta jera takardunsa a tebur ta nuna masa da bakin biro inda aka ƙiyasta albashinsa fiye da abin da yake samu, tunda ba shi ya kawo lissafin ba. Ta faɗa masa akwai hanyar roƙon a jingine hukuncin cikin wata 6, amma sai ya kawo dalilin da alƙali zai karɓa, kuma ita ba za ta ce masa ko nasa zai karɓu ba. Ya zaɓi neman a sake lissafi. Ya cika FL-300 da FL-150 a nan take, wani abokin aikinsa ya miƙa wa matar kwafinta, aka sa musu rana. Alƙali ya duba takardun albashin ya rage adadin daga ranar da ya shigar. Na watannin da ambulan ya yi a cikin mota kuwa, har yanzu ana cira kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.